Ranar da Na Ce Masa "Ɗana"

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Kiyawa nake rubutowa.

Akwai fim ɗin da nake so kamar raina, labarin uwar da ɗanta ya daɗe a ci-rani. Mu matan ajin yaƙi da jahilci muka mai da shi wasan kwaikwayo, aka ba ni uwar. Ran wasan, mai fitowa a ɗan bai zo ba, sai ɗan farina, malamin makaranta, ya maye gurbinsa.

Malam, mu Fulani ne. Shekara talatin ban taɓa kama sunansa ba, balle in ce masa ɗana.

A fim ruwan sama ake yi lokacin da ɗan ya dawo, mu kuwa gero muka zuba a kan kwano don ya yi ƙarar ruwa. Amma da ya shigo da jakarsa, wallahi ƙamshin damina na ji. Na ce, "Ɗana, ka dawo?" Ya manta abin da zai faɗa, ya durƙusa, ya ce, "Na'am, Inna."

Goggona ta ce na zubar da kunya. Masu sauraro, ku raba mu. Ni dai so nake a sake wasan.