Mashud Yana Kira Daga Hangari

AZARA: Halo? Wa ke magana?

MASHUD: Yaya Azara, ni ne, Mashud.

AZARA: Ei, ƙanena na Turai! Da yaron kemis ya ce ana kirana a wayar shagonsu, ko takalmi ban saka ba. Ya karatu? Ya sanyin Hangari?

MASHUD: Alhamdulillahi. Ya Mma? Ya mutanen Nima?

AZARA: Lafiya lau. Yaushe za ka... Tsaya. Wa ke ihu "Maamobi, saura mutum ɗaya"?

MASHUD: Layin ne ba kyau.

AZARA: Layi ne ke lodin fasinja a motar trotro? Mashud, kana ina?

MASHUD: Kokomlemle, nan kusa da unguwarmu Nima. A ɗakin Wasiu abokina nake kwana. Tun kafin azumi na dawo.

AZARA: Innalillahi! Muna nan muna maka addu'ar ƙanƙara!

MASHUD: Yaya, da wane ido zan shigo gida? Abin da aka tura ni in koyo, an daina yayinsa.

AZARA: Ilimi atamfa ne?

MASHUD: Can an koya mana kasuwa akuya ce: a bar ta ta yi kiwo, amma igiya na hannun gwamnati. Masana'anta ta jama'a, farashi da linzami. Na kai takarduna ma'aikatar gwamnati, oga ya ce masu ba mu bashi sun ce a tsinke igiyar. A sayar da masana'antu, a rage ma'aikata, kasuwa ta yi halinta.

AZARA: Ogan nan mai tumbi? "Kwamared, duk mai ɓoye sabulu maƙiyin talaka ne!" Shi?

MASHUD: Shi. Yanzu ko "kwamared" ba ya so a ce masa.

AZARA: To sai ka ɓuya? Mma ta gama gaya wa duk Nima ɗanta ne zai sauko da farashin shinkafa.

MASHUD: Shi ya sa. Don Allah ki rufa min asiri, har in samu ko koyarwa ce.

AZARA: Ka makara. Ga ta nan ta shigo, har da sabon mayafi, wai za ta gaisa da Turai.

MASHUD: Ki ce layi ya yanke! Yaya! Yaya Az...

MMA: Mashudu? Ɗan albarka, kana jina? Kana dai rufe ƙirjinka ko? An ce sanyin can yana kisa.

MASHUD: Mma...

MMA: Ɗaga murya, ka yi nisa.

MASHUD: Ban yi nisa ba, Mma. Kar ki tafi. Ga ni nan zuwa da ƙafa.