Ofishin lauya ya tona min asiri a shagon caji

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Haladu, manomi daga Damari, kuma yau raina a ɓace yake.

Bayan ɓarayin daji sun kore min shanun noma, na gane ɗaya daga cikin shanun a hannun wani ɗan garinmu. Na je Kaduna wurin lauya, na faɗa masa sunan mutumin. Ya ce, "Malam Haladu, kwantar da hankalinka, maganar nan ba za ta fita daga ofishin nan ba."

Mu nan ba wuta, wayoyinmu a shagon caji suke yini. Sakataren lauyan ya kira, mai caji ya ɗauka. Ko tambayar wa ke magana bai yi ba, ya zazzage komai, har sunan wanda nake zargi. Mai caji kuwa ya yi ta yaɗawa.

Kafin la'asar magana ta shiga daji, har kunnen ɓarayin. Yanzu ina raɓe a Birnin Gwari, masarata ta bushe a gona, ba halin girbi.

Da na kira lauyan, wai in yi haƙuri, kuskure ne. Haƙurin ne zai raka ni gona? Masu sauraro, don Allah, ina ake kai ƙarar lauya?