Waken da Ke Rumbun Woru

Bake: Alo, Yaya Woru? Ina wuni?

Woru: Bake ce? Lafiya lau. Ya Parakou, ya aikin asibiti?

Bake: Da godiya. Ya mutanen Banikoara? Ya auduga?

Woru: Ta yi kyau bana. Maigidan naki fa?

Bake: Yana gaishe ka. Yaya, jiya an kawo mana iyalin maƙwabcinka Sabi. Su huɗu.

Woru: Su wa? Layin yana yankewa.

Bake: Iyalin Sabi. Amai da jijjiga. Likita ya ce guba ce a waken da suka ci.

Woru: A ruwa?

Bake: A wake. Sabi ya ce maganin feshin auduga ya zuba a rumbu saboda ƙwari. Ya ce kai ka koya masa.

Woru: Rabin garin nan ni na koya wa. Shekara goma sha biyar muna yi. Ba su dai shanya waken yadda na ce ba.

Bake: Kwana uku suka shanya.

Woru: To jabu aka sayar masa. Ko kuma rijiyarsu ce.

Bake: Bara da Bona ta rasu, rijiya ka ce. Daga baya ka ce ciwon zuciya.

Woru: Kar ki sa matata a cikin wannan magana.

Bake: Amai iri ɗaya, jijjiga iri ɗaya. A hannuna ta cika, Yaya. Tausayinka ya sa na yi shiru.

Woru: Kin san abin da kike so in faɗa? In maganin ne, ni na zuba, ni na ɗebo mata ta dafa. Da wane ido zan kalli 'ya'yanta?

Bake: Ba ka sani ba a lokacin. Alo?

Woru: Ina jin ki.

Bake: Tun rasuwarta, ka ci wake daga rumbunka?

Woru: Ban ci ba. Ce wa kaina nake yi ya daina yi mini daɗi.

Bake: Yaya...

Woru: Matar Sabi fa? Tana da ciki.

Bake: Tana numfashi. Ba mu sani ba tukuna.

Woru: Gobe kasuwa, kowa zai fito da wakensa. Bari in sa takalmi.

Bake: Me za ka ce musu?

Woru: Ban sani ba. Zan dai fara da gidan da ya fi yawan yara—

Bake: Alo? Yaya?