Koriyar Rigar Ladan

HASIYA: Alo, salamu alaikum. Ashiru ne?

ASHIRU: Wa alaikumus salam. Yaya Hasiya, ina wuni?

HASIYA: Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya mutanen Maraɗi?

ASHIRU: Alhamdu lillahi. Yaya Madarunfa? Ruwan tabki ya fara ja baya?

HASIYA: Yana nan inda ka bar shi. Yaya Bushira da goyo?

ASHIRU: Kalau suke. Yaya yara? Ina Malam, yana lafiya?

HASIYA: Au, har kana da bakin tambayar Malam?

ASHIRU: Alo? Rezo na yankewa, mi kika ce?

HASIYA: Ka ji ni sarai, kada ka laƙa wa rezo. Ashiru, ran da ka zo ka ari koriyar rigar Malam da rawaninshi ba da saninshi ba, mi ka ce mini?

ASHIRU: Na ce ɗaurin aure za ni.

HASIYA: To na ga ɗaurin auren. Duk garin nan an gan shi. Fim ɗinku na ladan mai ɗiya talatin yana cikin kowace waya, mai shayin bakin tasha har a tele yake saka shi.

ASHIRU: Kai, har ya iso nan? Mi mutane ke cewa?

HASIYA: Murna ma kake? Mijina ladan ne, rigar nan da ita yake zuwa Juma'a, ko makaho ya shafa ta ya san mai ita. Bai ishe ka ba, ka kwashi ɗiyana tara da na maƙwabta ka ce za ka nuna masu masunta, ashe jera su ka yi sahu-sahu bayan liman.

ASHIRU: Yaya, raha ce. Ba mu ambaci sunan kowa ba.

HASIYA: Ina amfanin suna, ga riga ga ɗiya? Wurin nan da ladan ya mari yaro a kasuwa, aka ce mashi ai ɗanka ne, Isma'ilana ne ka sa. Yanzu a lakwal, makarantar boko, ba a kiran shi sai "ɗan wa ne kai".

ASHIRU: Amma dai an yi dariya, ko?

HASIYA: Wasu sun yi. Alhaji Inusa na kwamitin masallaci bai yi ba. Ya ce kuɗin Nasara kuka ci don ku hana Musulmi yaɗuwa, kuma da hannun Malam a ciki, tunda rigarshi ce. Sun karɓe lasifika daga hannunshi, wani yaro ke kiran salla yanzu.

ASHIRU: Wane Nasara? Da wayar abokina muka ɗauka. Kuma ba addini muka taɓa ba, masu fakewa da shi muka taɓa.

HASIYA: Sai ka zo ka yi masu wannan tafsirin.

ASHIRU: Ba wanda ya ce gaskiya muka faɗa?

HASIYA: Zainabu mai kifi ta ce da za ta gan ka sai ta ba ka tarwaɗa kyauta. Abigail matar Manasse ta ce su ma a majami'arsu haka ne, ana karanta masu ku hayayyafa, ba a karanta wa zai sayi hatsi. A wurin awon ciki kuwa mata har da hawaye don dariya. Ina shiga kowa ta yi tsit.

ASHIRU: Awon ciki? Yaya, mi ya kai ki awon ciki? Ba likita ta ce ki huta ba tun wancan da kika zubar da jini?

HASIYA: Ba wannan na kira ka ba.

ASHIRU: Yaya...

HASIYA: Na ce ba wannan ba. Riga a wanke ta, lasifika ko ba jima ko ba daɗe a maida mashi. Abin da ya ƙona mini rai, maganar da matar ladan ta yi a ƙarshe. "Malam, arzikin yaro na Allah ne, amma bayan da ke goyo nawa ne, kuma ya gaji." Daga ina ka samo ta?

ASHIRU: Ai... magana ce kawai.

HASIYA: A ɗakin Inna na faɗe ta, ina kuka, daga ni sai kai sai ita. Abin da ban taɓa iya faɗa wa mijina ba, ka ɗauka ka ba duniya ta yi dariya da shi. Na ji ciwo, Ashiru. Ƙanena kake, ba ɗan jarida ba.

ASHIRU: Ki gafarce ni. Wallahi don ke na sa ta. Malam ya kalla?

HASIYA: Tun da abin ya tashi bai ci tuwona ba, bai yi mini magana ba. Yau da hantsi ya ari wayar Isma'ila ya shige zaure. Na ji ya maida wurin maganar matar ladan baya, ya sake maidawa. Da zai fita azahar ya tsaya bakin madafa, bai dube ni ba, ya ce, "Hasiya, maganar nan taki ce? Idan na dawo ki ba ni amsa."

ASHIRU: To mi za ki ce mashi? Ki ce ni na ƙirƙira, zan rantse.

HASIYA: Kada ka rantse kan ƙarya. Ka riga ka tona, ni kuma na gaji da binnewa.

ASHIRU: Ki bari in hau mota in zo tukuna. Alo? Yaya?

HASIYA: Ga sallamarshi nan a zaure. Wa alaikumus salam, Malam. Shigo, ka zauna. E, tawa ce—

ASHIRU: Alo? Yaya Hasiya? Alo?