Karen da Ɗansa Ya Bari

A ɗakin jira na asibitin dabbobi, wata mata mai kyanwa a kwando ta juya wajen dattijon da ke kusa da ita.

"Baba, karenka ne aka shiga da shi yana dalalar da miyau?"

"Shi ne. Jiya aka yi feshin maganin ƙwari a lambu, yau da safe sai amai da karkarwa. Likita na zaton ciyawar ya lasa."

"Allah ya ba shi lafiya. Da gani kana ji da shi."

"Wa, ni? Ni fa ba na son kare, 'yata. Na ɗana ne. Da aiki ya kai shi nesa ya bar min."

"To in ta ƙaddara ai sai ya sayi wani."

Dattijon ya girgiza kai.

"Duk ƙarshen mako yakan kira, wai in nuna masa shi a waya. Daga nan sai hira ta ɓalle, har ya tambayi ciwon ƙafata."

"Ka gaya masa kuwa?"

"Tukuna. Bari likita ya fito." Ya dubi ƙofar. "In babu karen nan, ban san da me zai fara ba in ya kira."