Bencin Gaban Shagon Takalma

A tashar bas da ke gaban tsohuwar kasuwar zamani ta unguwarmu a Melbourne, wadda aka kewaye da shinge za a rushe, wata tsohuwa tana zaune a kan benci da kekenta na tura cefane. Wani dattijo yana tsaye yana kallon katafila.

"Gara haka," in ji shi. "Su baje ta kowa ya huta."

"Haba, bawan Allah! Ranar da aka buɗe ta, da kayan coci uwata ta kawo mu. Nan na fara hawa matattakala mai tafiya da kanta, har na yi kuka."

"Mu ma mun yi kuka. Ubana yana da shagon kayan marmari a bakin titi. Tunda aka buɗe wannan, ko ƙuda ya daina shigo mana."

"Allah sarki. Ashe ba ka taɓa taka cikinta ba."

"Ni? Tun rasuwar matata kullum ina ciki. Bencin gaban shagon takalma, ni da Spiro da Merv, muna shan sanyi muna zaginta har tsakar rana."

"To yau ina suke?"

"Oho. Ban taɓa tambayar gidajensu ba. Bencin dai muka sani."

"Na ga hoton sabon ginin a jikin shinge. Gidaje a sama, shaguna a ƙasa. Ban ga benci ko ɗaya ba."

Ya sake kallon katafilar. Ta janye kekenta gefe.

"Zo zauna ka zage ta a nan. Motar nan ba ta zuwa da wuri."