Izinin Maigida

A shagon sayar da kyamarorin tsaro, wani matashin lauya ya tsaya a layi bayan wata dattijuwa da ke rungume da kwalin kyamara.

"Mama, a ina za ki sa ta?"

"A bakin ƙofa. Maigidana ciwon mantuwa ya kama shi. Makon jiya ya fita ba takalmi, sai a tashar mota aka samo shi."

"Allah ya ba shi lafiya. Ni lauya ne. Kada ta kalli gidan maƙwabta, suna iya kai ki ƙara."

"Ka makara, ɗan nan. Gida-gida na bi su. Ƙofarmu kaɗai za ta gani."

"To shi Baba fa? Shi za ta riƙa ɗauka. Ya yarda?"

"Ya yarda, da sharaɗin kada ta ɗauke shi ba hula."

Lauyan ya yi dariya. "Ai gobe zai manta ya yarda."

"Shi ya sa kullum da safe zan sake tambayarsa. Ranar da ya ce a'a, in kashe ta, in jawo kujera in tsare ƙofar da kaina."

Lauyan ya riga ya ciro katinsa zai miƙa mata. A hankali ya mayar da shi aljihu.